Filo Huɗu a Ɗakin Yaya

Mun tashi da asuba daga Kumbotso, ni da direbana, za mu Bunkure sayen shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba. Gara in faɗi gaskiya, ba zumunci ya fitar da ni ba. Gaida Yaya ratse ne kawai.

A Kura muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Injinan casa sun fara ruri, 'yan adaidaita na rububin fasinja. Daga nan hanya ta bi gefen kanal, ruwa cike, gonaki kore shar, kwandunan tumatir jere a bakin titi rana na cin su, babu mai tayawa.

Yaya manomin rani ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Tun tasowarmu ba ya kwana da filo. Buhu yake naɗewa, ko ya ta da kai da hannunsa. Ni kuwa da Allah ya buɗa min uku nake jerawa, shi ya sa yake ce min Sarkin Filo. Bara ya kira ni a waya ya ce in aiko masa da ɗaya. Na yi dariya na aika. Bayan ƙaramar salla ya nemi ƙarin biyu. Na ce, "Yaya, an waye ke nan?" Na zaɓo masu laushi na ba direban tasha, ina jin na yi abin kirki.

Da hantsi na same shi a ɗaki, jingine da filo huɗu. Ƙafafunsa sun kumbura, gaisuwa ma sai da ya huta a tsakiyarta.

Matarsa ta ce, "Alhaji, yayanka fa ya zama ɗan gayu. Har nawa ya ƙwace. A cire ɗaya, sai faɗa."

"Ba gayu ba ne," in ji Yaya. "In na miƙe, ji nake kamar an danna kaina cikin kanal."

Na bar maganar shinkafa, muka sa shi a mota sai asibiti a Kano. Duk ramin da muka faɗa sai ya damƙe hannuna.

Likitar ta duba ƙafafunsa, sannan ta ce, "Baba, da filo nawa kake kwana?"

"Huɗu."

"Tun yaushe?"

Babu wanda ya fi ni sanin amsa, ni na sayi uku. Ta ce zuciyarsa ce ta yi rauni, in ya kwanta ruwa ke taruwa a huhunsa. Duk filon da ya ƙara, ciwon ne ya ƙara gaba. "Da tun a filo na farko kuka kawo shi," ta ce, ta ci gaba da rubutu. Aka ba shi gado.

Bayan la'asar na koma gidana ɗauko masa kayan jinya, mota babu buhu ko ɗaya. Na tarar da filona uku a jere a kan gadona, ban iya kallonsu ba.

Ni ne fa wanda in manomi ya canja ɗinkin bakin buhu sai na kwance na ga dalili. Amma mutumin da ya raine ni ya bar ɗabi'ar shekara sittin, ban ce masa "me ya faru?" ba. Yanzu na sani, in naka ya nemi abin da bai taɓa so ba, kada ka aika. Ka je.