Bencin da ke Kallon Ƙofa

A shekarun da na yi ina zanen gine-gine a kwamfuta, a wani ƙaramin ofis a unguwar Jiddari Polo, jera kujeru ne aikin da ya fi mini sauƙi. Ba sai na juya su ɗaya bayan ɗaya ba. Ɗigo guda nake dasawa a inda ake so mutane su fuskanta, in ɗaure kujerun da shi, sai duk su juyo su kalle shi. In na ja ɗigon gefe, su bi shi. Maigidanmu injiniya ne, shi ke fita duba fili, ni ina ofis ina zane.

Wata rana wata Hajiya ta zo daga unguwar Gwange. Babarbariya ce mai sayar da atamfa a Kasuwar Litinin, tana so ta gina aji a bayan gidanta domin matan da rikici ya koro daga ƙauyuka su koyi karatu. Bencunan siminti za a yi, don haka dole a tsayar da wurinsu tun a zane. Na yi yadda aka saba: allo a bangon gaba, ɗigo a tsakiyar allon, ƙofa a baya don kada mai makara ta dami kowa.

Da ta dawo, na juya mata kwamfutar. Ta daɗe tana kallo.

"'Yata, ina ƙofar?"

Na nuna mata.

"A bayansu ke nan. To, ba za su zauna ba."

Ta ce yanzu a zaurenta suke karatu, kuma kowacce jikin bango take nema, idonta a bakin ƙofa. Ko yaro ne ya turo ƙyaure ba sallama, sai ka ga sun miƙe. "Wadda aka taɓa shigo mata gida ba shiri, ba ta juya wa ƙofa baya," in ji ta.

Na ja ɗigon na ɗora a kan ƙofar. Nan take bencunan suka juya gaba ɗaya, suka bar allon a baya. Hajiya ta riƙe baki tana dariya, ta faɗi wani abu da Barbarci wanda ban gane ba.

Ƙofar ba ta matsuwa, domin sauran bangayen na maƙwabta ne. Sai na ɗauko allon na dawo da shi bangon ƙofar, na ajiye ɗigon tsakaninsu, ya ɗan fi kusa da allon. Layukan suka ɗan karkata. Hajiya ta ɗora yatsa a kan bencin ƙarshe na kusurwa, ta tambaya ko mai zama nan ma za ta ga mai shigowa. Na ja layi daga wurin zuwa ƙofar, babu abin da ya tare.

Injiniya ya leƙo ya ce duk mai makara ta gaban malama za ta wuce.

"Ta wuce mana," in ji Hajiya. "Ai da sallama za ta shigo."

Bayan an gama ginin na je na gani. Ajin ya cika, ƙofa a buɗe. Da na yi sallama suka ɗago ido suka amsa, suka koma kan allo. Wata mai goyo ta matsa ta ba ni wuri, na zauna har aka tashi.