Buhun Da Ban Kwance Ba

A shekarun da hukumar raya noma ta shigo ƙasarmu da irin masara, ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Kafur, matashi mai jin daɗin a kira shi Malam. Da aka kafa kwamitin rabon iri, manoma suka tura ni wakilinsu saboda na yi boko. Mu uku ne: jami'in hukumar, wakilin ƙaramar hukuma, sai ni. Ƙa'ida ita ce mu ɗebi ƙwaya daga buhuna, mu nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana biyar mu ga ko za ta tsira, sannan kowa ya sa hannu a raba.

A shekara ta uku iri ya iso a makare, hadari har ya fara haɗuwa. Aka kawo mini takarda da sa hannun sauran biyun a kanta. Na ce a raina manya sun duba, wane ni! Na sa nawa ina tsaye a bakin aji, ko sito ban leƙa ba. Ashe jami'in ya sa ne don ya san za mu duba a bayansa, na ƙaramar hukuma kuma don ya ga na jami'in. Manoma suka tambaye ni ko na gani da idona, na ce ƙwarai kuwa.

Masara ba ta fito ba sai ɗai-ɗai, kafin a sake shuka damina ta yi nisa. Da aka zauna bincike a Malumfashi, hukumar ta ce ita mai cin gashin kanta ce, ƙaramar hukuma ba ta isa ta tuhume ta ba. Ƙaramar hukuma ta ce iri ba nata ba ne. Laifi ya gangara kan mai kula da sito, ɗan mutanen Kudu haifaffen Funtua, wai shi ya bar ruwa ya taɓa buhuna. Ya dube ni ya ce a tambayi Malam, ya san ba wanda ya zo gwaji. Na sunkuyar da kai na ce ban tuna ba. Aka kore shi, yana da 'ya'ya huɗu.

Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma mu uku muka ɗebo, bakin wani ya ƙone. Wallahi har yau ina jin kunyar kaina. Duk wanda jama'a suka tura kwamiti, kada ya jingina da hannun wani, kuma in ya yi kuskure ya faɗa tun mai gaskiya yana kusa. Ni da na je neman gafarar mai sito, aka ce ya kwashe iyalinsa ya tafi Kudu, ba wanda ya san garin.