Kan Kifi a Faranti

Tiyamike, mai sayar da tuwon masara a bakin tashar motocin haya ta Noord a Johannesburg, ba ta taɓa jin muryar mutumin nan ba. Kullum da yamma yana zuwa da shuɗiyar rigar aiki, fenti ya bushe a takalmansa. Da yatsa yake nuna tuwo, ya nuna kifi. A tsaye yake ci, ƙafa ɗaya ta riga ta fuskanci layin mota, idonsa na kan ƙofar da 'yan sanda ke ɓullowa.

Baki ya yi gum, amma hannu ya tona asiri. Yadda yake murza loma a tafi har ta yi sumul, yadda yake ajiye kan kifi sai ƙarshe, ai sai ɗan bakin tafkin Malawi. Ita ma can aka binne cibiyarta. Wataƙila takardarsa ta zama a ƙasar ta ƙare, wataƙila akwai yara a gida da ke jiran aike.

Yau ta kasa haƙuri. Ta ce masa da harshen gida, "Yaya, daga Nkhata Bay kake ko Mangochi?"

Lomar ta tsaya a hannunsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu.

"Ƙanwata, rage murya," in ji shi. "Ni a garin nan bebe ne."

Ya ɗauraye hannu, ya kutsa cikin layi. Tiyamike ta dubi farantin. Kan kifin na nan, ko taɓa shi bai yi ba.