Kujerar da ke gaban fanka

Shekarun baya, ina karatu a Guangzhou, 'yan kasuwarmu suka roƙe ni in riƙa koya wa 'ya'yansu karatu ranar Asabar. Wani Alhaji ɗan Kano ya ba mu ɗaki a bayan ofishinsa, kusa da kasuwar Baima. Yara kan kwalaye suke zama. Kujera ɗaya ce, a gaban fanka, kuma ba wanda ya taɓa faɗa amma kowa ya sani ta ɗan Alhaji ce, tunda ɗakin ubansa ne.

Ni ba ni da surutu, sai shiri. Na samo littafi mai hotuna a kan wata yarinya baƙar fata a Amurka da ta ƙi tashi ta ba Bature wurin zama a bas. Na fassara shi, har tambayoyi na tsara. Na karanta wa yaran, na ce musu, "Kun ga jarumta?"

Asabar ta gaba na tarar da wata yarinya 'yar Zango, wadda babanta ke ɗaurin kaya a ofishin, zaune a kujerar. Ɗan Alhaji na tsaye a kanta.

"Ke, tashi mana!"

"Na riga ka zuwa."

Sai ga Alhaji ya leƙo gaishe mu. Kallo kawai ya yi. Ni ce bakina ya yi sauri: "Tashi ki ba yayanki wuri."

Ta tashi. Ta ce, "Anti, haka direban bas ɗin littafin ma ya ce."

Ta daina zuwa. Babanta ya ce mini, "Malama, ta ce littafin ƙarya ne."

Da ƙyar na iya yi wa Alhaji maganar kujerar ɗansa. Dariya ya yi: "Wa ya ce tasa ce? Fitar da ita!" Na fitar, na lallaɓa baban yarinyar ya kawo ta.

Ta shigo ta duba gaban fanka.

"Anti, ina kujerar?"

"Na fitar da ita," na ce, ina jiran yabo.

"Ai ba kujerar ce ta tashe ni ba."

A gaban yara na ba ta haƙuri, ta zauna. Littafin yana nan wurina, amma ban ƙara tambayar kowa ko ya ga jarumta ba.