Layin Tawada a Ƙwaurina

Kututturen auduga ne ya soke ni. Lokacin tuge kara ne a hawasha, wato gonar noman ban-ruwa, bayan an gama tsinkar auduga, ni kuwa na rataye takalmina a wuya don kar ya tsufa. Abin ya shige tafin ƙafata kamar an kafa turke. Mai ɗakina ta yi abin da kowace mace ke yi a ƙauyenmu na wajen Wad Haddad: ta daka ƙwayar gahawa, ta cusa garin a ramin, ta ɗaure da tsumma. Jini ya tsaya. Na dinga yawo ina ƙamshi, yara na bi na da hanci.

Da ƙafar ta zama kamar tulu, anka ɗora ni a lori zuwa asibiti. Ban so ba. Muna da maƙwabci da ya tafi can da ƙaya a diddige, ya dawo da sanda a hammata, ƙafar wandonsa ɗaya a ƙulle.

Tamarjiyar, wato ma'aikaciyar jinyar da ke karɓar masu rauni, 'yar garin Mai Wurno ce, da Hausa ta tarbe ni. Ta kwance tsumman, ta shinshina.

"Yaya, wa ya dafa maka gahawa a ƙafa?"

"Mai ɗakina."

"Saura sukari," in ji ta, ta ɗauko buroshi.

Ni da nake kayar da maza a kokawa, ranar sai da na kira uwata, ita kuwa ta daɗe a kabari. Da ta gama wankewa ta yi mini allura, sannan ta zaro alƙalami daga aljihu, ta zagaye ƙwaurina da layi, sama kaɗan da inda fatar ta yi ja.

"In jan nan ya tsallake layin, ka dawo nan take, ko da loma a bakinka."

Ban tambaye ta dalili ba. Karatuna bai kai ko'ina ba, amma na sha kallon kafinta: inda ya ja layi, nan zarto ke bi.

A gida ba ni da aiki sai kallon ƙwauri. Zazzaɓi ya rufe ni. Jan yana hawa kamar ruwan da anka sako a tur'a, magudanar ban-ruwa, a hankali, ba ya komawa baya. Na auna tazarar da yatsa uku, washegari da biyu. Na lulluɓe ƙafar da zane, duk wanda ya zo dubiya in ce da sauƙi. Wata azahar barci ya sace ni, na farka na ga mai ɗakina riƙe da bakin zanen.

"Malam, jan ya wuce layin."

"Hasken rana ne."

"Tashi, na aika a tsayar da lori."

"Ki bar ni in mutu da ƙafafuna biyu."

"Ɗaya ta ishe ni, in dai kana bisanta."

A hanya ban ga gona ba, ban ga mutum ba. Yatsun ƙafar nake motsawa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sallama da 'ya'yansa. Da munka shiga, idona na kan faranti, ina neman zarto cikin almakasai. Tamarjiyar ta duba, fuskarta ba dariya wannan karon.

"Ɗiya," na ce, "kan layin za ku yanke, ko sama?"

Ta dube ni. "Layin awo ne, Yaya, don mu san ko ciwon na tafiya. Kuma yana tafiya. Da ka ƙara kwana, ba ni za ka yi wa wannan tambaya ba."

Mutum biyu sunka danne ni. Ta tsaga tafin ƙafar, mugunya ta yi tsartuwa, ta sa hantsaki ta jawo guntun kara baƙi ƙirin da ya ɓuya can ciki. Anka kwantar da ni, anka bi ni da allura har zama ya gagare ni. Kullum da safe kafin in buɗe ido sai na laluba ƙarƙashin mayafi, in ji ƙafar tana nan.

Har yau ina ɗingishi idan na yi doguwar tafiya, amma da ƙafata nake yin sa.