Turken Kan Iyaka

A arewacin ƙauyenmu, can bayan Babura, akwai wani turken ƙarfe da Turawa suka kafa tun ba a haife ni ba. Bai kai tsayin mutum ba. Kudu da shi ƙasar Ingilishi ce, arewa da shi ta Faransa. Gidanmu yana kudu, gidan Baffa, yayan mahaifina, yana arewa, kuma in ka ɗauki tuwo daga wannan gida za ka kai wancan bai huce ba. Shi da Baba uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma a takarda mutanen ƙasa biyu ne.

Baba maɗinki ne, kuma ɗan siyasa tun siyasa ba ta da romo. A shekarun neman 'yancin kai wani jagora ya zo daga birni ya yi jawabi a kasuwar Babura. Ban san abin da ya faɗa ba, lokacin ina 'yar shekara tara. Abin da Baba ya jiyo dai shi ne Bature zai tafi. Sauran da kansa ya ƙarasa: wanda ya kafa turke, in zai tashi ai da turkensa zai tashi. Sau biyu ana kulle shi saboda tara mutane ba izini, ya dawo da kai a aske ƙwal yana dariya, wai an hutar da wanzaminsa.

Wata rana ya ɗinka wa Baffa rigar Sallah zai kai masa, sai wani mai gadi daga ɓangaren Faransa ya tare shi a gindin turken, ya kwance ƙullin, ya tambaye shi wurin wa za shi. Baba yana da zuciya, a wurinsa na gado tawa. Nan take, a gaban mutane, ya rantse da Allah ƙafarsa ba za ta ƙara taka arewa ba sai ranar da aka tumɓuke turken nan.

Da labari ya iso gida Inna ta ce, "Malam, baki fa shi ke yanka wuya."

Ya ce, "Ke dai zuba ido. Saura 'yan watanni."

Su Baffa suka samu nasu 'yancin da damina, mu muka samu namu gab da kaka. Ranar, Baba ya sa fararen kaya, ya ɗauki dagi, ya je ya zauna kusa da turken yana jiran umarni. Ya ce ba zai taɓa shi da kansa ba, yanzu gwamnati tamu ce, ita za ta aiko. Har la'asar babu wanda ya zo sai wata akuya.

Abin haushi, kowa ƙetarawa yake yi. Amare, masu tallan nono, 'yan kasuwa da sefa, kuɗin can ƙetare, a aljihu, har mu 'ya'yansa. Mutum ɗaya tak iyakar ta tsare, shi ne wanda ya fi kowa ƙinta. Liman ya ce masa ya yi kaffara ya huta, Allah bai ƙuntata wa kowa ba. Baba ya ƙi. A ganinsa yin kaffara amincewa ce cewa askin da dukan da ya sha duk a banza ne.

Baffa kuwa ya ce ba zai riƙa tattaki kullum yana gaida ƙaninsa ba. Sai suka raba tafiyar. Duk ranar Juma'a bayan an sauko, kowa ya ɗauko tabarmarsa, wannan ya shimfiɗa a kudu, wancan a arewa, ƙwaryar fura a tsakiya.

"Ɗan Ingilishi," in ji Baffa, "yau ma ba a aiko ba?"

"Yaya, bari kawai. Takarda tana hanya."

Wallahi babu abin da nake kewa a duniya kamar wannan zaman. Inuwar aduwa, ludayi ɗaya yana kai da kawo, tsofaffi biyu suna gardamar wane shugaba ya fi wani alhali ba wanda ya san da zamansu.

Shekaru suka ja. Kuɗin mai ya shigo, aka zuba kwalta, na yi karatu na zama malama, na yi aure a Kazaure. Baffa ya daina fitowa saboda ƙafafunsa sun kumbura. Aka ce mini Baba bai fasa kai tabarmarsa ba, ya zauna shi kaɗai har rana ta yi sanyi.

Da aka aiko cewa jikin Baffa ya tsananta, maigidana ya ɗauko ni a babur. Na durƙusa a gaban Baba na ce, "Baba, don Allah ka tashi mu je. Liman ya ce ka tafi yanzu, ka ciyar da mutum goma daga baya."

Ya dubi keken ɗinkinsa. Sannan ya ce, "Uwata, in na ciyar da mutum goma, gari duk ya ji. Zan yi azumi uku tukuna, tsakanina da Ubangijina. Ranar na uku in na sha ruwa sai mu tafi."

Na yi fushi, na faɗa masa maganar da 'ya ba ta faɗa wa uba, cewa girman kai ne ba addini ba. Har yau maganar tana ci mini rai, ko da yake gaskiya ce.

Ranar azumi na uku da hantsi, ɗan Baffa ya shigo zauren ba sallama. Baba bai bari ya yi magana ba. Ya tashi, ko hula bai ɗauka ba, ya kama hanyar arewa ina bin sa a baya. Da muka zo turken, muka tarar ya yi tsatsa har ya karkace, wani ma ya ɗaure jakinsa a jiki. Baba ya wuce, ya yi taku biyu, sai ya tsaya ya waiwayo ya dube shi.

Ya ce, "Uwata, ashe taku ɗaya ne."

Mun iske ana wankan gawa. Shi ya shiga ramin ya karɓi yayansa.