Masa Seini da Baƙon Ruwa

Akwai wani ciwo da ke kama 'ya'yanmu masu karatu, kuma ba a sayar da maganinsa a kanti: raina maganar wanda hannunsa ke da baƙin mai. Da zarar takardu sun yi wa yaro nauyi a jaka, sai kunnensa ya toshe, ya ga duk wanda bai ɗaura wuyan riga ba a matsayin kujera. Girman kai kuwa rawanin tsiya ne. A kan wannan ciwo maganar za ta ƙare, amma ta ƙofar yabo za a shiga, domin yabon gwani ya zama dole, kuma gara a yabi mutum yana da kunnen ji.

Duk wanda ke fita da sassafe a Zongon Kumasi ya san Masa Seini, ko da bai san sunansa ba. Masa kuwa laƙabi ne da muke ba gwanin sana'a a nan. Shi ne dogon dattijon nan mai shuɗiyar rigar aiki, wanda in ya fito masallaci ya sha kununsa, sai ya sayi lemu guda, ya je ya tsaya a bakin babbar kwata. Ya ɓare lemun, ya jefa ɓawon cikin ruwa, ya bi shi da ƙafa yana ƙirga taku, leɓensa na motsi kamar mai lazimi. In ɓawon ya kai gada, sai ya gyaɗa kai, ya tari motar haya ta turoturo zuwa kwalejin fasahar da yake aiki. Shekara talatin da uku ya yi a haka. Masu sayar da abinci sun daɗe da yanke masa hukunci.

"Masa, yau kwatar me ta ce?"

"Ta ce an yi ruwa a unguwar Krofrom jiya, ku ba ku samu ba."

"Kai, Allah ya sawwaƙe! To ka tambaye ta ko zan yi ciniki."

Ba taɓuwa ba ce. Gudun ruwa yake aunawa, don kada idonsa ya manta. A kwalejin, aikinsa koya wa ɗalibai yadda ake tatsar wutar lantarki daga ruwa da rana. Daktoci su yi bayani a allo, shi kuma a ɗakin injuna ya kama hannun yaro ya ɗora a kan ƙarfe. Ba shi da kujera mai juyi. Ko a takardar albashi, mai kula da ɗakin gwaji aka rubuta.

Wannan son ruwa gado ne. Mahaifinsa, Malam Iliyasu, daga ƙasar Nijar ya gangaro da ƙafa, yana cikin leburorin da suka ɗauki dutse a ka lokacin gina madatsar Akosombo. Yakan ce wa ɗansa, "Seini, a garinmu da ruwa ake kashe wuta. Na zo nan na tarar da wuta kwance cikin ruwa tana barci." Ya rasu a ɗakin haya da fitilar kananzir, wutar da ya ɗaukar wa dutse ba ta taɓa leƙa shi ba. Tun daga nan Seini ke wani mafarki guda, yana maimaita masa kansa. Ya ga rafi yana gangarowa daga tsauni, kowane ɗigo da ɗan haske a cikinsa kamar idon kifi, tsohon na tsugune a gaɓa yana ɗiba da ƙoƙo, amma in ya ɗaga sai hasken ya zube.

Ya koyi naɗin waya a Magazin ta Suame, unguwar makanikai, ya yi makarantar yamma, kwaleji ta ɗauke shi. Darasinsa na farko ga kowane sabon aji bai taɓa canjawa ba. Yakan kai su bakin rafi, ya ce su cire takalma.

"Ruwa iri biyu ne," in ji shi. "Akwai ɗan gida, akwai baƙo. Da damina duk kamarsu ɗaya. In kana son ka bambance, kada ka tambayi na'ura tukuna. Nemi tsohuwar da ke wanki a wurin, ka gaishe ta da kyau, ka ce ta nuna maka inda take shanya da rani."

Ɗalibai su yi dariya, su rubuta. Waɗanda suka fita aiki su ne ke daina dariyar.

Shekara uku kafin ritayarsa, ya shiga ƙera injin ruwa ɗan ƙarami da hannunsa. Kowace Asabar yana Suame yana tsintar ƙarafa, yana roƙon tsofaffin abokansa su zuba masa cokulan farfela. Ɗalibai aji uku suka sa hannu a ciki. Wurin da aka nufa da shi wani ƙauyen manoman koko ne a bayan duwatsu, tafiyar awa biyu daga Kumasi. Akwai ɗan asibiti a can, da firiji sabo fil wanda bai taɓa yin sanyi ba. Allurar rigakafi da maganin saran maciji a kan babur ake kawowa cikin ƙanƙara, in hanya ta ɓaci su lalace. Burin Seini ɗaya ne: kafin ya ajiye makullin ɗakin injuna, ya ji firijin nan yana gurnani da ƙarfin rafin garin.

Ana cikin haka aka naɗa sabon shugaban sashe, Dokta Mukhtari. Ɗan Zongo ne, ɗan unguwar Buokrom, kuma a hannun Seini ya fara riƙe filaya kafin ya tafi Turai. Ya dawo da ilimi, wannan ba a musu. Sai dai ya dawo da ciwon nan.

A watan Yuni suka tafi duba wuri, shi da Seini da ɗalibai, har da Rafi'atu, yarinyar da aikin ya zama na kammala karatunta. Rafin ya rabu biyu a saman garin. Reshe ɗaya na faɗowa daga kan dutse dab da hanyar mota, fari tas, da ƙara kamar ana casa. Ɗayan ya kewaya ta cikin kurmi, shiru, sai an gangara kwari da wahala. Dokta ya tsoma na'urarsa a na bakin hanya, ya duba lambobi, fuskarsa ta washe.

Seini kuwa ya cire takalmi, ya nufi wata tsohuwa da ke wanki, Mma Mamuna, 'yar zongon garin. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafa, sannan ya tambayi ruwa.

"Wannan mai surutun?" Ta nuna da haɓa. "Ai baƙo ne, ɗana. In rani ya kama sai ya naɗe tabarmarsa. A kan dutsen nan da yake faɗowa nake shanya barkono. Ɗan gida yana can ƙasa, ba ya magana, amma tun ina amarya ban ga gindinsa ba."

Seini ya kai wa Dokta maganar a gefe, don kada ya kunyata shi gaban yara.

"Dokta, a dakata zuwa Fabrairu a sake awo. Tsohuwa ta ce baƙo ne."

Dokta bai rage murya ba. "Masa, da ɓawon lemu da tsofaffin mata za mu yi injiniyanci? Ga lamba a hannuna. Manyan baƙi za su zo buɗewa a Oktoba, kana so in gangara da su rami cikin takalman ofis?"

"Lambar ta Yuni ce, Dokta."

"Kai makaniki ne kawai, Masa. Ka ɗaure noti inda aka ce ka ɗaure."

Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Seini ya mai da takalminsa, ya tsaya yana kallon farin ruwan, kamar wanda ke ban kwana da matafiyi.

Kai ne, Seini, da aka gaya maka haka gaban ɗalibanka, ka dawo ka ɗaure kowane noti kamar na ɗakin uwarka. Ba ka yi aikin fushi ba. Abu ɗaya ka yi a ɓoye: ka sa aka yi gindin injin da kusoshin da za su kwantu, maimakon a binne shi cikin siminti. Abin da babba ya hango yana zaune ke nan.

Aka yi buki a Oktoba. Aka kafa allo mai faɗin ƙofa, da sunan Dokta Mukhtari da manyan baƙaƙe. Firiji ya yi sanyi, mata suka yi guɗa, ma'aikaciyar asibitin ta cika shi da magani, ta sallami mai babur. Nuwamba lafiya. Disamba ruwan ya fara rage murya. A tsakiyar Janairu, wata ranar Talata da hantsi, farfela ta yi juyi biyu ta tsaya. Baƙo raɓa ne. Kafin a samo ƙanƙara daga gari, duk abin da ke cikin firijin ya lalace, aka mai da mata masu goyo gida da jariransu ba allura.

Samarin garin suka ce za su ɓalle injin su jefa a kwari. Aka kira Dokta a waya, ya ce yana taro a Accra. Aka sake kira, taron bai ƙare ba. Seini ne ya hau mota shi da Rafi'atu. Ya cire hula gaban sarkin garin, Nana kamar yadda suke kiran sarki a can, wanda aka ce tun safe bai yi wa kowa murmushi ba.

"Nana, ba da uzuri na zo ba. Da hannuna aka ɗaure shi a wurin."

"To me kake so? Mun ba ku rafi, kun ba mu kunya."

"Kwana arba'in nake roƙo, da samari ashirin masu ƙarfin wuya. In ya sake tsayawa, ni zan taya su jefa shi."

Mma Mamuna ta ɗaga murya daga bayan taro. "Nana, a ba shi! Cikinsu duka shi kaɗai ya gaishe ni."

Aka ba shi. Rafi'atu ta gangara kwari da ɓawon lemu a hannu ɗaya, na'ura a ɗayan, ta yi awo sau bakwai a tsakiyar rani, duka biyun suka yi magana ɗaya. Ɗalibai suka bar hutunsu suka zo. Aka kwance kusoshin nan cikin wuni guda. Aka sauke injin da igiya da kafaɗa, aka ja bututu ta cikin kurmi. Ruwan ɗan gida bai kai baƙo yawa ba, don haka Seini ya sa aka ɗora farantan sola shida a rufin asibitin, ya ce, "Rana da ruwa wa da ƙane ne. In ɗaya ya gaji, ɗaya ya karɓa."

Ranar ta talatin da takwas, da azahar, a farkon Maris, aka buɗe bututu. Seini bai bi mutane zuwa asibiti ba. Ya zauna a gaɓa shi kaɗai, ƙafafunsa cikin ruwa. Rana na ratsowa ta ganyaye tana faɗawa kan rafin, kowane ɗigo da ɗan haskensa. Daga baya ya ce ya ga kamar wani tsoho a ɗaya gaɓar da ƙoƙo a hannu, ya ɗiba, ya ɗaga, hasken bai zube ba. Yana cikin haka ya ji Rafi'atu na gangarowa da gudu, mayafinta na kama ƙaya.

"Masa! Masa! Yana gurnani!"

"To, ki daina ihu, kada ki firgita shi."

Ya wanke fuska da ruwan, ya daɗe yana wankewa.

Rani biyu ke nan firijin bai yi shiru ba. A watan jiya Masa Seini ya miƙa makullin ɗakin injuna. Ba a yi ganga ba, ba a kafa allo ba. Washegari da safe yana bakin kwata da lemunsa.

Kai ne mai gaishe da ruwa, ɗan Iliyasu mai ɗaukar dutse. Kai ne ka koya wa yaranmu cewa matambayi ba ya ɓata. Mun gode, Zongo ta gode, jariran da ba za su taɓa sanin sunanka ba sun gode. Allah ya ba ka tsufa mai sanyi, ya haskaka kabarin mahaifinka. Ku kuma masu karatu, ku yi karatun, ba mu hana ku ba, da shi muke alfahari. Amma in kun isa bakin rafi, ku cire takalma.

Shi kuwa Dokta Mukhtari, wanda ya ƙi ji bai ƙi gani ba. Kujerar shugabancin sashe, an karɓe. Ɗalibai goma sha ɗaya da ke ƙarƙashinsa, tara suka nemi a canja musu malami. Garin da ya yi masa guɗa, yau ba ya iya sauka a tasharsa. A Buokrom, daga masu shayi har masu faci, ba mai kiransa Dokta, sai Baƙon Ruwa. Allon nan kuma mai faɗin ƙofa, Mma Mamuna ta sa an cire mata shi, ta kifa sunan ƙasa, tana shanya barkono a kai.